Daga Tsautsayi Zuwa Sakaci: Tarihin Neman Diyyar Raunin Wurin Aiki a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Idan ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa wa mai walda a ido, ko sinadari ya ƙone hannun majemi, ko leburan gini ya rikito daga bene, kalmar da aka fi saurin ji a bakin Bahaushe ita ce tsautsayi, wanda aka ce ba ya wuce ranarsa. Da zarar an raɗa wa abin wannan suna, to magana ta ƙare, sai jaje da addu'ar Allah ya kiyaye gaba. Amma akwai wani suna da za a iya ba wa abin, watau sakaci, musamman idan ya tabbata cewa tabarau ko safar hannu ko ɗamarar tsaro ta 'yan kuɗi ƙalilan za ta iya hana aukuwarsa, kuma mai wurin aikin bai tanada ba. Tsautsayi ba shi da mai biya, amma sakaci yana da shi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda doka ta yi tafiyar kusan ƙarni biyu tsakanin waɗannan kalmomi. Za a fara da ma'anar diyya a wajen Bahaushe, sa'an nan a duba tushen dokar a Ingila, domin daga can Nijeriya ta gaje ta, kafin a zo ga matakan da ta bi a nan gida. Abin da tarihin ya nuna shi ne, hanyoyi biyu aka buɗe wa ma'aikacin da ya ji rauni. Hanyar kotu tana bayyana mai laifi, amma mutane kaɗan ne suke kai wa ƙarshenta. Hanyar inshora tana biyan mutane da yawa, amma ba ta tambayar wanda ya hana kayan kariya.

2.0 Kalmar Diyya a Wajen Bahaushe

Hausa ta aro kalmar diyya daga Larabci ta hanyar fiƙihun Malikiyya, kuma tun kafin zuwan Turawa alƙalan ƙasar Hausa sun san ta a littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani. A wannan tsari cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Gaɓoɓin jiki ma kowace da kimarta: ido ɗaya rabin diyya, yatsa ɗaya raƙuma 10, haƙori ɗaya raƙuma 5. An kuma rarrabe tsakanin ganganci da kuskure. Diyyar kuskure, idan ta kai sulusin cikakkiyar diyya ko ta wuce, dangin wanda ya yi ɓarnar ne suke haɗuwa su biya, watau nauyin ba ya faɗa wa mutum ɗaya.

Akwai wani hukunci na Malikiyya da ya kamata a riƙe, domin za a sake cin karo da irinsa a gaba: wanda ya lalata lafiyayyen idon mai ido ɗaya, cikakkiyar diyya ce a kansa, domin ya raba mutumin da ganinsa baki ɗaya. Ko da yake babin diyya ya fi magana a kan raunin da wani ya yi wa wani kai tsaye, ya isa ya nuna cewa sanya wa gaɓa kima, da raba nauyin biya a kan jama'a, ba baƙon tunani ba ne ga Bahaushe. Abin da ya zo sabo shi ne aikin albashi a ma'adinai da masana'antu, da tambayar da ya zo da ita: wane ne zai biya idan na'ura ce ta yi raunin?

3.0 Tushen Dokar a Ingila

3.1 Katangu Uku

A shekarar 1837 aka yanke hukunci a shari'ar Priestley da Fowler. Yaron wani mahauci ne ya karye a cinya lokacin da keken dokin maigidansa, wanda aka yi wa lodin nama fiye da kima, ya rufta da shi a hanya. Kotun farko ta ba shi fam 100, amma da aka sake duba hukuncin sai aka soke shi. Daga wannan shari'a da waɗanda suka biyo bayanta aka gina katangu uku da suka tsare masu masana'antu har tsawon shekaru masu yawa. Ta farko, idan abokin aiki ne ya jawo raunin, maigida ba shi da alhaki. Ta biyu, wanda ya karɓi aiki alhali ya san haɗarinsa, ana ɗauka ya yarda da duk abin da ya same shi. Ta uku, idan ma'aikacin yana da hannu ko yaya a cikin sakacin, to ba ya samun ko anini.

A hankali aka riƙa rushe waɗannan katangu. Dokar 1880 ta ɗora wa maigida alhakin sakacin shugabannin aikinsa a wasu fannoni. A 1891, a shari'ar Smith da Baker, Majalisar Dattawan Ingila, wadda a wancan zamani ita ce kotun ƙoli ta ƙasar, ta duba ƙarar wani mai fasa dutse da ake ratsawa da duwatsu ta bisa kansa da ƙugiya har ɗaya ya faɗo masa. Ta yanke cewa sanin haɗari daban, yarda da shi daban, domin talaka yakan zauna a bakin aiki saboda ba shi da wata madafa. A 1945 aka mayar da hukuncin sakacin ma'aikaci ya zama rage diyya gwargwadon laifinsa, sa'an nan a 1948 aka soke kariyar abokin aiki gaba ɗaya.

3.2 Hanyar Inshora

Tun kafin katangun su gama faɗuwa an riga an buɗe wata hanya ta dabam. A 1884 gwamnatin Bismarck ta Jamus ta kafa inshorar haɗarin aiki, wadda masu masana'antu suke zuba wa kuɗi, ana biyan wanda ya ji rauni ba tare da neman mai laifi ba. Ingila ta bi sahu da dokar diyyar ma'aikata ta 1897, wadda da farko ta tsaya ga ayyuka masu haɗari kamar jirgin ƙasa da ma'adinai da masana'antu. Sharaɗinta shi ne raunin ya faru a cikin aiki kuma saboda aikin. Wanda ya kasa aiki yana samun rabin albashinsa na mako, amma kada ya wuce fam 1. Iyalin wanda ya mutu kuwa suna samun albashin shekara uku, tsakanin fam 150 da fam 300. Dokar 1906 ta faɗaɗa tsarin zuwa mafi yawan ma'aikata, ta kuma shigo da wasu cututtukan sana'a kamar gubar dalma. Ciniki ne aka ƙulla: ma'aikaci ya huta da wahalar kafa hujja, maigida kuma ya san iyakar abin da zai biya, kuma abin kaɗan ne.

4.0 Shari'o'in Kayan Kariya

Saboda ƙanƙantar wannan diyya, wanda ya yi babbar asara yakan gwammace ya nufi kotu da ƙarar sakaci. Shari'o'i uku na Ingila sun nuna faɗin wannan hanya da ƙuncinta.

Ta farko ita ce shari'ar Paris da Hukumar Gundumar Stepney, ta 1951. Mai ƙarar makaniki ne a garejin hukumar, ya riga ya rasa ganin ido ɗaya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma masu gidansa sun san da haka. Wata rana yana dukan wani ƙusa mai tsatsa da guduma a ƙarƙashin mota, sai ɓarɓashi ya fallatsa cikin lafiyayyen idon, ya makance. Hukumar ta kare kanta da cewa ba al'ada ba ce a ba masu irin wannan aiki tabarau. Da rinjayen alƙalai uku a kan biyu aka yanke cewa ba yiwuwar aukuwar haɗari kaɗai ake dubawa ba, har da girman asarar da za ta biyo baya, don haka mai ido ɗaya ya fi kowa cancantar tabarau. A nan dokar Ingila ta iso inda fiƙihun Malikiyya ya daɗe da isa, cewa idon mai ido ɗaya ba daidai yake da na kowa ba.

Ta biyu ita ce shari'ar Qualcast da Haynes, ta 1959. Narkakken ƙarfe ne ya zubo wa wani gogaggen ma'aikacin zubi a ƙafa. Marufin ƙafa na kariya yana nan a sito ga duk wanda ya nema, amma ba a taɓa umartarsa da ya sa ba. Majalisar ta wanke kamfanin, bisa dalilin cewa mutum mai irin ƙwarewarsa ya san haɗarin kuma ya san inda kayan suke.

Ta uku ta fi ɗaci. A shari'ar McWilliams da kamfanin Sir William Arrol, ta 1962, wani mai haɗa ƙarafan gini ya faɗo daga nisan kimanin ƙafa 70 ya mutu. An tabbatar cewa babu ɗamarar tsaro a wurin a ranar, domin an kwashe su zuwa wani wurin aiki 'yan kwanaki kafin haka. Duk da haka matarsa ta faɗi a shari'ar, saboda shaidu sun nuna cewa marigayin bai saba ɗaurawa ba ko da tana nan, don haka kotu ta ce rashin ɗamarar ba shi ne sanadin mutuwar ba. Ashe bai isa mai ƙara ya nuna cewa an hana shi kayan kariya ba, sai ya kuma nuna cewa da an ba shi da ya yi amfani da su, kuma da sun hana raunin.

5.0 Matakan Dokar a Nijeriya

5.1 Zamanin Mulkin Mallaka

Turawan mulkin mallaka sun shigo da dokar gargajiya ta Ingila tare da katangunta. A daidai lokacin ne aikin albashi mai haɗari ya bunƙasa: shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, da haƙar kuza a tsaunukan Jos, da haƙar kwal a Inugu bayan an gano shi a yankin Udi a 1909, da lodi a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Leburan wancan zamani, wanda bai iya karatun boko ba kuma ba shi da kuɗin lauya, kusan babu abin da zai sa ya tunkari kotun Bature da ƙarar kamfanin Bature.

Sai a 1941 aka kafa dokar diyyar ma'aikata ta farko a Nijeriya, shekara 44 bayan ta Ingila, kuma shekara 16 bayan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniyarta ta 1925 a kan diyyar haɗarin aiki. An zana ta a kan samfurin ta Ingila: maigida ne yake biya kai tsaye, kuma da albashin mutum ake auna kimar gaɓarsa, ta yadda mai ƙaramin albashi ƙaramar diyya ce rabonsa. Abin lura shi ne, dokar ba ta daɗe da fara aiki ba sai ga aikin tilas na haƙar kuza, daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila. An kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa Jos a abin da aka riƙa kira ɗiban gwamna, kuma da yawa sun mutu saboda sanyi da cututtuka da ƙarancin abinci da rashin matsuguni na kirki, kamar yadda Bill Freund ya bayyana a littafinsa na tarihin leburorin kuza na 1981. Doka tana rubuce a Ikko, amma bargo da magani ba su wadatu a sansanin lebura ba.

5.2 Bayan Mulkin Kai

A 1965 wata kotu a Jihar Yamma ta yanke hukuncin da ya zama abin kafa hujja a wannan fanni, a shari'ar Kamfanin Ciniki na Yammacin Nijeriya da Ajao. Ɓarɓashin ƙarfe ne ya tashi daga inda wani abokin aiki yake yanka, ya lalata wa mai ƙarar ido. Kotu ta ce nauyin da ke kan maigida bai tsaya ga sayo tabarau ba, wajibi ne ya ba da umarni mai ƙarfi na a sa, ya kuma bi umarnin da sa ido gwargwadon hali. Idan aka gwama wannan da hukuncin Qualcast na shekara shida kafinsa, za a ga kotun Nijeriya ta fi karkata ga ma'aikaci, kuma hakan ya dace da ƙasar da mafi yawan leburorinta ba su sami horon sanin haɗarin na'ura ba. Dokar Ƙwadago ta 1974 kuma, a sashe na 12, ta hana maigida fakewa da cewa abokin aiki ne ya yi sakacin.

A 1987 gwamnatin soja ta fitar da dokoki biyu a jere. Doka mai lamba 16, ta masana'antu, ta wajabta tanadar tufafin kariya da safar hannu da takalma da tabarau da hular kariya ga masu aikin da ke haɗa su da danshi mai yawa ko abubuwa masu cutarwa, ta kuma keɓe sashe na musamman ga kare ido. Doka mai lamba 17, ta diyyar ma'aikata, ta yanka wa iyalin mamaci albashin wata 42, wanda ya nakasa gaba ɗaya kuma albashin wata 54, sa'an nan ta jera gaɓoɓi a jadawali kowace da kasonta. Amma dokar ta zo da raunana guda uku. Kuɗin dunƙule ne da ake biya sau ɗaya, kuma faɗuwar darajar naira ta cinye shi. Maigida ko kamfanin inshorarsa ne mai biya, don haka idan ya ƙi ko ya karye sai ma'aikaci ya shiga zaryar kotu. Har ila yau ta fitar da wasu rukunoni daga cikinta, alal misali masu aikin gona ko sana'ar hannu a wurin da ma'aikata ba su kai goma ba.

5.3 Dokar 2010

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar diyya wadda ta soke ta 1987. Ta kafa asusu guda a ƙarƙashin Hukumar Asusun Inshorar Zamantakewa ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NSITF, inda kowane mai ɗaukar ma'aikata, na gwamnati ko mai zaman kansa, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wata, ba tare da ya cire daga albashin ma'aikaci ba. Maimakon dunƙule, an koma biya wata-wata, har zuwa kashi 90 cikin 100 na albashi ga wanda ya nakasa gaba ɗaya. An shigo da cututtukan sana'a, da lalacewar ji, da damuwar ƙwaƙwalwa, da haɗarin da ya auku a hanyar zuwa aiki ko komawa gida. Ma'aikaci zai sanar da maigidansa cikin kwana 14, maigida ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a kuma shigar da takardar neman diyya cikin shekara ɗaya.

Wannan tsari ya yi kama da na dangi masu haɗa diyyar kuskure, domin nauyin ya watsu a kan kowa. Sai dai a nan ne batun kayan kariya yake neman ɓacewa. Kamfanin da ya sayi tabarau da wanda bai saya ba, idan kashi ɗaya suke zubawa, to mai sakaci ya ci riba. Dokar ta ba hukuma ikon bambanta kuɗin gwargwadon haɗarin sana'a, kuma a kan wannan iko ne amfaninta wajen rigakafi ya rataya. Bugu da ƙari, sashe na 12 ya ce tanadin dokar yana tsayawa a madadin haƙƙin kai maigida ƙara, abin da ya jawo muhawara tsakanin masana shari'a, ko da yake Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na uku ya danƙa wa shari'o'in ƙwadago, ta ci gaba da sauraron ƙararrakin sakaci.

6.0 Darasi Daga Afirka ta Kudu

Don a ga muhimmancin barin ƙofar kotu a buɗe, ya kamata a leƙa Afirka ta Kudu, inda aka gwada wannan tambaya har ƙarshe. Thembekile Mankayi ya yi aiki a ramin zinariya daga 1979 zuwa 1995, ya kamu da tarin fuka da cutar silikosis, watau ƙeƙashewar huhu saboda shaƙar ƙurar dutse. Tsarin diyyar masu haƙar ma'adinai ya ba shi rand 16,320. Ya kai kamfanin AngloGold Ashanti ƙara yana neman rand miliyan 2.6, bisa zargin cewa ba a kare shi daga ƙura ba, kamfanin kuwa ya ce doka ta rufe masa ƙofar ƙara. A watan Maris na 2011 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa ƙofar a buɗe take ga irinsa, amma ya riga ya rasu 'yan kwanaki kafin hukuncin. Wannan hukunci ne ya share fagen ƙarar haɗin gwiwa ta dubban ma'aikata, wadda ta ƙare da sulhun rand biliyan 5 da kamfanoni shida a 2018, kotu ta amince da shi a 2019, aka kafa asusun Tshiamiso don biya. Tazarar da ke tsakanin abin da tsarin diyya ya ba Mankayi da abin da ya nema a kotu ita ce farashin cinikin da aka ƙulla tun 1897.

7.0 Kammalawa

An ga yadda doka ta tashi daga matsayin da ke ɗaukar kowane rauni a matsayin rabon ma'aikaci, ta zo ga ɗora wa maigida wajibcin tanadar kayan kariya da tilasta amfani da su, sa'an nan ta ƙare da asusun da ke biya ko an sami mai laifi ko ba a samu ba. Kowace hanya rabin magani ce. Inshora tana ciyar da iyalin wanda ya nakasa, ƙarar sakaci kuwa ita ce take sa a sayi tabarau kafin ido na gaba ya tafi.

Sauran aiki yana wurare biyu. Na farko, mafi yawan masu aikin haɗari a Nijeriya, kamar masu walda na bakin titi da masu fasa dutse da 'yan gwangwan da yaran makanikai, suna aiki ne a wuraren da ba su da rajista, babu takardar ɗauka aiki balle asusu. Na biyu ya shafi masana harshe kai tsaye. Da Ingilishi aka rubuta waɗannan dokoki, kuma wa'adin kwana 14 yana iya wucewa ana karɓar 'yan jaje. Ma'aikacin da bai taɓa jin dokar a harshensa ba ba zai san cewa ko tsautsayin ma yanzu yana da diyya ba, balle ya san cewa hana shi kayan kariya sakaci ne da doka ta san da shi. Hausa tana da kalmomin da ake bukata, diyya da kuskure da ganganci da sakaci da alhaki, kuma kowace tana da tsohon tarihi a shari'a. Fassara dokar 2010 da ta masana'antu cikin Hausa da sauran harsunan Nijeriya, da daidaita waɗannan kalmomi a cikinsu, zai sa lebura ya san sunan abin da ya same shi, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.